Shekarar da Hausa ta Gudu daga Bakin Nenne

Yanzu na iso kan shekarar da na fi so ku kasa kunne, ku 'ya'yana da naku 'ya'yan, domin an daɗe ana ba ku labarinta a karkace. Da kunnena na ji, a wajen wani suna a Kibiya, wata tana cewa wai mahaifinku ya bar uwarsa ta yi jinya har ta koma ga Allah bai taɓa zama a gabanta ba. Ban tanka mata ba don gidan mutane ne. Bai zauna a gabanta ɗin ba, wannan gaskiya ne. Sai dai wanda saninsa ya tsaya a nan bai san komai ba. Ni a hannuna aka yi abin, don haka ku bari in faɗa muku tun bakina yana iyawa.

Shekarar ita ce wadda aka ce Turawa sun miƙa mulki. Muna zaune a Kahu. Maza ba su da zance sai na mulkin kai, yara kuwa duk wanda ya leƙa makarantar boko a Rano sai ya dawo yana karya harshe, wai shi Turanci. Ni a lokacin ina da Sani a ƙasa, ina da cikin Hajara. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ba yabon kai ba, har daga Rurum ake aikowa a saya. Ban da mu, a gidan akwai kakarku, wadda muke kira Nenne. Cikinku ba wanda ya yi wayo ya same ta. Siririya ce, fara, mai tsabtar tsiya, Bafillatana ta ainihi. A ruga aka haife ta, a ruga ta haifi mahaifinku. Da ciwon bushiya ya share musu garke, mijinta ya zauna wuri ɗaya ya kama fartanya, ita kuma ta ci gaba da Hausar da ta koya a yawon tallan nono, har ta zame mata ta yau da kullum. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin ta yi Fillanci ba, sai fa in ta yi tuntuɓe.

Mahaifinku ɗan farinta ne. Ku 'yan zamani da kuke zama tabarma ɗaya da uwa kuna ƙyalƙyala dariya, wannan sai na yi muku bayani. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma tamu wasan yara ce in aka gwada da ta Fulani. Nenne ba ta kama sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta zama inda yake. In zai gaishe ta da safe, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ya yi gaisuwar kamar da ƙyaure yake, ita kuma ta amsa wa bango. In tana son ya sayo mata wani abu a kasuwar Rano, ni take wa magana, shi yana tsaye yana ji.

"A ce wa mai gidan nan kanwa ta ƙare."

Ni ma ina da tawa kunyar, ta suruka. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa ɗaga ido na kalli tsakiyar idonta ba. Haka muka zauna lafiya lau, kowa ya san iyakarsa.

Da kaka, an gama cire gyaɗa, ta je ɗiban ruwan alwala a randa, sai na ji moɗa ta faɗi. Na fito na same ta kwance, ɓarin dama ya saki, baki ya karkace. Mahaifinku ya ɗauko malamin asibiti daga Rano, ya duba ya ce sai haƙuri. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba. Ran da bakin ya buɗe na yi hamdala da ƙarfi, amma da na matsa kusa sai murna ta koma ciki. Fillanci ne zalla yake fitowa. Hausar ta tafi kamar ba ta taɓa zuwa ba. In na yi mata magana sai ta zuba wa bakina ido, ba ta gane komai.

Kafin azahar mata sun cika gidan. A zamanin nan in hannu ko ƙafa ya shanye, iskar nan da ake kira Inna ake ɗora wa, kuma ana cewa ita Bafillatanar aljana ce. Maƙwabciyarmu Ladi mai koko, wadda ba a yin sha'ani a unguwa sai da bakinta, ta leƙa ɗakin ta ja da baya tana tafa hannu.

"Wannan ai ba a tambaya. Inna ce! Ta shanye jiki, ga shi har yarenta ta sa mata a baki. Kada wadda ta amsa mata, wadda ta amsa da ita aka ƙulla."

Ikon Allah, duk cikinsu ba wadda ta tuna cewa Nenne da yaren nan ta sha nonon uwarta. Sun saba da Hausarta har sun manta. Daga ranar masu dubiya suka koma tsayawa a tsakar gida, su ce Allah ya sauwaƙe, su fice.

Na sami mahaifinku a zaure na ce masa, "Malam, kai ai kana jin abin da take faɗa."

"Ina ji."

"To me take so?"

"Ruwa mai ɗumi. Kuma a juya ta, kafaɗarta ta gaji."

Sai muka yi dabara, ya riƙa tsayawa a bayan ƙofa yana raɗa mini. Dabarar ba ta kwana biyu ba. Nenne ta jiwo muryarsa, ta gane duk abin da ta roƙa, har na larurar da mace ba ta faɗa wa namiji, ta kunnen ɗan farinta yake bi. Ta ja mayafi da hannun hagu ta rufe fuska. Ciwo ya ɗauke mata hannu da ƙafa da Hausa, amma bai taɓa kunyar nan ba. In yana gida ta yi gum, in ya fita ta yi ta magana ba mai ji. Ƙanwarsa ɗaya tilo ta bi mijinta da shanu can kudu, an aika ba a san inda suka sauka ba. Ni kuwa sai kame-kame nake, ta nemi wannan in kawo wancan. Daga baya ta daina nema. Na kai kunu ta kau da kai, na kai fura ta rufe ido. Wallahi ina kallo matar nan tana ƙarewa, ga mutane kewaye da ita amma ba wanda za ta ce wa wayyo ya gane. Tausayinta ya hana ni sukuni.

Bayan girbi Fulani sukan sauka a gonakinmu, shanunsu su ci kara su bar mana taki. A cikin na shekarar akwai wata Shatu, sa'ata, mai tallan nono, baki gare ta kamar reza. Wata rana da hantsi ta shigo da ƙwaryarta, muna cikin ciniki sai Nenne ta ɗaga murya daga ɗaki. Shatu ta saki ludayi, ta amsa tun daga tsakar gida, ta kutsa ɗakin ba ko sallama. Na daɗe ina jin su, har na ji tsohuwar tana kuka. Da ta fito na tare ta.

"Me ta ce?"

"Ta ce gidan nan duk kurame ne. Ta ce kununki ya cika kauri, kuma tsamiya tana kashe mata haƙori."

"Wai ba Inna ba ce?"

Shatu ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wace Inna? Tsohuwa ce ta koma gida. Kowane tsuntsu ai kukan gidansu yake yi."

Na roƙe ta ta zauna da mu, ta ce ina, ga tatsa ga yara, kuma hadari na fara haɗuwa za su tashi. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

"To ki koya mini."

"Ke? Kaɗo, da ciki, harshe ya riga ya bushe?"

"Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, Shatu."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗebo ruwa a moɗa ta danƙa mini a hannu. "Ce ndiyam."

Haka aka fara, kuma haka Shatu take koyarwa. Ba ta fassara. Sai ta sa maka abu a hannu, ta faɗi sunansa, in ba ka maimaita daidai ba ta rufe ƙwaryarta da faifai ta ce yau ba nono. Ruwa ndiyam, nono kosam, tuwo nyiiri. Ni ba allo ba tawada, kuma kan mai ciki ba ya riƙe abu, sai na ɗaura karatun a jikin aiki. In ina dakan gyaɗa, kowace saukar taɓarya da kalmarta, in ina murzar tunkuza ina matse mai, gaisuwa nake bita. Harshena ya yi ta bijirewa. Akwai kalmomin da sai ka toshe hanci kafin su fito, akwai waɗanda ban san ta inda ake shigarsu ba. Ran da ta ce mini saniya ɗaya nagge, in sun yi yawa na'i, na ajiye taɓarya.

"Wannan wane irin yare ne? Dabba in ta sami 'yan'uwa sai ta sake suna?"

"Ku fa? Saniya, shanu. Wa ya fara?"

Na ɗauki taɓaryata na ci gaba da daka, don ta kama ni.

Ashe katanga tana da kunne. Mata suka riƙa jiwo ni ina sambatu a bakin turmi, magana ta zaga unguwa cewa Inna ta tsallako kaina. Uwar yarinyar da ke yi mini talla ta hana ta zuwa. Ƙuli-ƙulina da ake rububi ya zauna a kwando har ya yi warin mai. Wannan ban damu da shi sosai ba. Abin da ya dame ni zuwan Iya ne, mahaifiyata. Da ƙafa ta taso daga Kibiya, ta shigo ko mayafi ba ta sauke ba.

"Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Da cikin mutum a jikinki za ki riƙa amsa wa iska?"

"Iya, yare ne kawai. Yaren su Shatu mai nono."

"Kuma an ce har zama kike a gadon surukarki kina taɓa ta. Ni na koya miki wannan? Tashi ki haɗa kayanki, a gabana za ki haihu."

Iya tsoro ne ya kawo ta, na sani, kuma ban taɓa yi mata musu ba tun da na yi wayo. Amma na san in na sa ƙafa na fita, an rufe wa Nenne ƙofar ƙarshe. Na durƙusa har ƙasa na ce ta gafarce ni, ba zan iya tafiya ba. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba, ta juya, ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba. Ba ta zo wankan jegona ba, ba ta zo sunan Hajara ba, sai da yarinyar ta fara rarrafe sannan aka sasanta mu. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yau in na tuna yana yi.

Ranar da na fara gwada karatuna a kan Nenne ba zan manta da ita ba. Tun safe nake bitar gaisuwar, in doshi ƙofa gabana ya faɗi in koma. Sai da rana ta take tsaka na yi ƙunar baƙin wake, na shiga na durƙusa na ce, "A waali jam?" Wato kin kwana lafiya. Ta juyo a hankali. Ta dube ni, ta dubi ranar da ta faɗo ta bakin ƙofa, sai ɓarin bakinta mai lafiya ya motsa. Dariya take yi, jama'a! Ta ɗaga yatsa ta nuna waje ta ce, "A nyalli jam." Ta maimaita har na kama cewa ta wuni ce ya kamata in yi. Na faɗa, ta ce, "Jam." Ranar na dama kunu tsororo ba tsamiya, ta shanye shi tas.

Daga nan malamaina suka zama biyu. Ita Nenne bakinta a karkace yake, in ban kalle shi ba ba na kama abin da ta ce, don haka dole na koyi duban fuskar surukata. Da farko kamar in nutse, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tana yi mini magana a hankali, guntu-guntu, yadda ake yi wa mai koyon tafiya. Kalmar da na fi faɗa a ranin nan ita ce mi nanaayi, wato ban ji ba. In na faɗe ta sai ta ja tsaki ta sake daga farko. Na san lokacin da take son a juya ta, na san in sanyi take ji, na san ranar da ta yi mafarkin shanunsu. Ta fara kirana ɓingel am, 'yata. Su da kalmar nan ɗaya suke kiran ɗa da 'ya. Kumatunta suka ɗan ciko.

Da la'asar nakan fito da ita rumfar da ke jikin zana ta sha iska. Bayan zanar nan turken jakinmu ne. Sai na lura mahaifinku ya tsiri wata sabuwar sana'a: yana dawowa daga masallaci sai ya zagaya ta baya, ya zauna a turken yana tufkar igiya. Ba tari, ba gyaran murya. Igiyar da ya tufka a ranin nan ta isa ɗaure shanun Kibiya duka, mu kuwa jaki ɗaya gare mu. Ban ce masa komai ba, kuma na ɗauka Nenne ba ta san yana wurin ba.

Hadari ya fara haɗuwa, su Shatu suka ɗaure kaya. Ta zo sallama ta bar mini ludayinta, ta ce Kaɗo ta yi ƙoƙari, amma kada in je ruga in ba ta kunya. Bayan tafiyarsu jikin Nenne ya sake komawa baya. Numfashinta ya yi gajere, ƙafa ta kumbura.

Wata la'asar na fito da ita, sai ta nuna in ƙara jan tabarmar jikin zana. Na ja. Ta sa na zauna dab da ita, ta kama haɓata da hannun hagu ta juyo da fuskata gare ta, ta fara magana. Wannan ba irin maganar da ta saba yi mini ba ce. Fillanci ne na manya, mai gudu, dogo, murya tana hawa tana sauka. Na ce ta yi a hankali, ba ta rage ba. Na yi ta tsintar abin da na iya. Na ji saniya, na ji ruwan sama, na ji goyo, na ji ɓingel am ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Hawaye na bin gefen fuskarta, idonta cikin nawa. Hankalina ya tashi, don na san maganar ƙarshe ce, ga shi tana zubewa a ƙasa ina kallo. Na saɓa wa uwata, na kashe sana'ata, ashe duk bai isa ba. Da ta kai aya na fashe da kuka.

"Nenne, mi nanaayi. Wallahi mi nanaayi."

Sai daga bayan zana wata murya ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Mi nani."

Na ji, in ji shi. Tun da nake da mahaifinku ban taɓa jin Fillanci a bakinsa ba sai ranar. Na ga hannun Nenne ya saki haɓata ya nufi mayafi, ya kai har gefensa, sannan ya tsaya. Ba ta rufe fuskar ba. Ba ta kuma dubi zanar ba. Ta lumshe ido ta daɗe, sannan ta koma irin maganar da nake ganewa, ta ce in kawo mata kosam.

Ina dama nonon ne abin ya faɗo mini. Ta san yana wurin tun ranar farko. Da ban iya ko kalma ɗaya ba, in ta yi doguwar magana a gabana kowa ya san da wa take. Amma tunda surukarta tana jin Fillanci, ai da surukarta take zance, in wani ya ji daga bayan zana wannan ruwansa. Ta faɗi abin da ta riƙe tun ranar da ta haife shi, kuma ba ta karya kunyarta ba.

Ba ta ga shuka ta fito ba. Bayan an share makoki, baƙi sun watse, na kai wa mahaifinku tuwo na zauna a gefe.

"Malam, me Nenne ta ce ranar nan?"

Ya jawo akushi gabansa.

"Ai ke aka gaya wa."

Na sake tambayarsa bayan shekaru, na sake da muka tsufa, har na taɓa ritsa shi ranar da yake cikin nishaɗi. Amsar ba ta taɓa sakewa ba, sai dai wani lokaci ya haɗa da murmushi. Ni abin da na tsinta na gaya muku: saniya, ruwan sama, goyo, ɗana. Sauran nasa ne, kuma ya tafi da abinsa.